Jawabin Shugabar Mata Kan Hoton Ciki na Farko

 

Yau maganata a kan sikanin ce, wato hoton ciki na farko. Yawancinmu sai ciki ya kai wata biyar ko shida muke zuwa awo. Wata kunyar cikin fari ce ta hana ta, wata tsoron baki, wata kuma ta ce ai lafiyarta ƙalau. To ku saurara.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta yi hoto sau ɗaya kafin sati 24. Amma wanda aka yi cikin wata ukun farko ya fi fitar da lissafi daidai. Ana ƙirga ciki ne daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe, sati 40. Mu nawa ne muke riƙe wannan rana? Balle wadda ciki ya shiga tana goyo, ko jini ba ta gani ba. Idan ba lissafi, likita ba zai san naƙuda ta zo da wuri ba ne, ko ciki ya zarce lokacinsa.

Abu na biyu shi ne mazaunin cikin. Akwai cikin da ke zama a wajen mahaifa, galibi a bututun da ƙwai ke bi. Wannan ba ya girma ya zama ɗa. In aka bar shi, bututun na iya fashewa, jini ya zuba ta ciki, mace ta tafi ana cewa ciwon mara ne. Hoto ne ke kama shi da wuri. Don haka duk wadda ta yi ɓatan wata, sai ga ciwo a gefe ɗaya na mara, ko ɗigon jini, ko jiri, ko ciwo a kan kafaɗa, kada a tsaya jiƙo. A tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Hoton kan nuna bugun zuciyar ɗa daga wajen sati shida zuwa bakwai, ya kuma nuna ko tagwaye ne. In an je da wuri ba a ga bugun ba, kada hankali ya tashi, akan ce a dawo bayan sati ɗaya ko biyu. Mace ko namiji kuwa ba ya fitowa a wannan lokacin, kada a dami ma'aikaci.

Masu cewa yana ƙona jariri, ba haka ba ne. Da sauti na'urar ke aiki, ba irin hasken hoton ƙashi ba. Za a shafa miki wani mai sanyi a mara, a ɗora na'ura. Sau da yawa akan ce ki sha ruwa, ki riƙe fitsari. In ana buƙatar dubawa ta gaba, sai an yi miki bayani, kuma kina da damar neman ma'aikaciya mace. Takardar sakamako a kai wa likita ko nas ɗin awo, kada a cusa ta ƙarƙashin katifa.

Iyayenmu surukai, amarya ba za ta iya buɗe baki ba, ku za ku ce wa ɗanku ya ba da kuɗin hoto. Shugabannin mata na mazaɓu, ku karanta wa waɗanda ba su da waya, a gidan suna da gidan biki.

Allah ya sauki masu ciki lafiya.