Sunan Addini a Ƙofar Gareji



A Amurka akwai kamfanin gyaran motoci mai suna Christian Brothers Automotive, wanda aka kafa a 1982 a yankin Houston na jihar Texas. Yanzu yana da rassa a jihohi da dama, kuma ba ya buɗewa ranar Lahadi. Masu shi suna cewa koyarwar Kirista ta ƙaunar maƙwabci ce tushen aikinsu. To, sunan kaɗai ya isa mai mota ya saki jiki?

Amsa ita ce a'a. Irin waɗannan rassa, kowanne da mai shi, kowanne da kanikawansa. Allon da ke ƙofa ɗaya ne, amma hannun da zai kwance maka burki daban ne daga gari zuwa gari. Suna dai alkawari ne, cika shi kuma sai an gani a aiki.

Don haka a duba abin da ido zai iya gani. A nemi rubutaccen farashi kafin a taɓa motar. A tambayi ko bakanike yana da takardar shaidar ƙwarewa ta ASE. A buƙaci a dawo da tsohon kayan da aka cire. A jihar Kalifoniya doka ce ta ba ka wannan haƙƙi. A kuma karanta sharuɗɗan garanti.

Mai tsoron Allah na gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Ku tambaya, sannan ku miƙa makulli.