Hawan Sallah da Takutaha: Ina Rabon Matar Kulle?

Yau a filin namu za mu leƙa waje ne, amma ba sai kowa ta ɗauki mayafi ba. Zancen bukukuwan da birnin Kano ke tuna tarihinsa da su za mu yi, wato hawan Sallah da Takutaha, da kuma inda ke da kike cikin gida kika shigo cikin lamarin.

Na san wata za ta ce, to ni ina ruwana da hawa, tunda iyakata in jiyo tambari da ƙarar bindiga ina tsakar gida ina tuƙa tuwo? Ki ɗan saurara tukuna. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina gidan sarkin da ake ciki har yau, shi ya kafa kasuwar Kurmi, a zamaninsa aka fara fita sallar Idi a Kano, kuma shi ne ya fara kulle. Kin ga ke nan fita Idi da zaman da kike yi a ɗakinki sa'annin juna ne, dukansu sun haura shekara 500.

Ki duba Hawan Daushe ma. Bisa al'ada, washegarin Sallah da yamma sarki zai fito da hakimansa, da 'yan lifidi, da 'yan sulke, da dogarai. Ina aka nufa da wannan rundunar? Babban Ɗaki, gidan mahaifiyar sarki. Can zai sauka daga kan doki ya shiga ya gaishe ta, sannan a dawo Ƙofar Kudu hakimai su yi jafi. Hawan da baƙi suka fi zuwa kallo, har daga ƙasashen Turai, tsakiyarsa gaisuwar ɗa ce ga uwarsa wadda ke zaune a cikin gida. Kwana na uku a yi Hawan Nasarawa, sarki ya je gidan gwamnati ya biyo ta unguwannin wajen ganuwa, daga baya kuma a yi na Ɗorayi ko na Fanisau. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Takutaha kuwa ta yara ce fiye da kowa. Ranar sunan Mauludi, kwana bakwai bayan ranar haihuwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, za ki ga yara da sababbin kaya sun yi dafifi zuwa dutsen Dala. A gindin dutsen nan garin ya fara. Nan Barbushe ya zauna yana bauta wa Tsumburbura tun kafin zuwan Bagauda, kafin Musulunci ya share wannan duka. Barin yaro ya je ko hana shi, wannan shawara ce tsakaninki da maigida. Amma in zai je, don Allah a haɗa shi da babba, saboda cunkoson ba na wasa ba ne, 'yan mata kuma a dawo gida kafin magariba.

To ga inda nake son mu tsaya. Yaro zai hau Dala ya hango gari, ya hango Goron Dutse, ya dawo ya ce miki Umma na ga gidaje da yawa. Shi ke nan abin da ya samu. Ba wanda ya gaya masa cewa gidajen nan da ya hango kowace unguwa sunanta labari ne. Sharifai, zuriyar Shehu Maghili ne, malamin da ya zo Kano zamanin Rumfa. Madabo, gidan karatu ne tun zuwan Wangarawa daga ƙasar Mali. Agadasawa daga Agadas suka zo, Tudun Nufawa Nufawa ne, Ayagi Yarabawa, Zangon Barebari fataken Barno. Dandalin Turawa ma ba Turawan Ingila ake nufi ba, Larabawan arewacin Afirka ne, su aka fara kira Turawa a ƙasar Hausa. Alfindiki kalmar Larabci ce, masaukin fatake. Dukawa da Soron Ɗinki kuwa ba sai na fassara ba, sana'ar ce ta ba su suna. Fage da ke bayan ganuwa, wurin saukar ayarin raƙuma ne.

Wa ya fi sanin waɗannan abubuwa? Maigida ya san gidan mai unguwa da limamin masallaci. Amma wa ta auri wa, daga wane gari kakan kaka ya zo, wane gida ne aka san shi da alkaki, wace rijiya ce ba ta ƙafewa, wannan duk yana bakin tsofaffin mata. Su ne suke zuwa biki da suna da gaisuwar mutuwa ta lunguna, su suka riƙe zumuncin. Ko tufafin da Kano ta yi suna da shi, wanda Baturen nan ɗan Jamus Heinrich Barth ya zo a 1851 ya tarar ana kai shi har Tambutu, maza ne suka saƙa suka rina a marina irin ta Ƙofar Mata, amma zaren mata ne suka gurza audugar, suka shiɓe ta, suka kaɗa da mazari a cikin gida. Ba a hawa doki don tuna wannan, kuma ban ga ranar da za a hau ba, sai dai mu mu faɗa.

Abin da ke damuna shi ne gudun da abin yake yi. Ganuwa ana ta cinye ta da gine-gine, kududdufai an cike su an yi shaguna. Da yawanmu an kai mu aure Hotoro, ko Rijiyar Zaki, ko Sharaɗa, 'ya'yanmu iyakar abin da suka sani gidan Hajiya yana cikin gari. Tsohuwa ɗaya in ta rasu, Allah ya jiƙan magabatanmu, ta tafi da sunayen gidaje goma.

Saboda haka ranar da za ki shirya yara yawon Sallah, bayan kin shafa musu mai kin ɗaura wa 'yan mata ɗankwali, ki ba babban cikinsu saƙo. Ki ce in kun gaida Hajiya, ku tambaye ta me ya sa ake kiran unguwarmu da sunan nan, wace sana'a kakanmu ya yi, ta wace ƙofa sarki yake wucewa lokacin da take budurwa. Tsofaffi suna son a tambaye su, sai ma kun gaji da ji. In akwai waya a gidan, a ɗauki muryarta, amma a nemi izininta tukuna, don wasu iyayen namu ba sa so. In babu, 'yar makaranta ta rubuta a bayan littafinta, ko da boko ko da ajami. In sun dawo ki sa su maimaita miki da daddare, lokacin da a da ake yin tatsuniya. Ke ma in maigida ya ba ki izinin zuwa gida gaisuwar Sallah, kada hirar ta ƙare a kan atamfa da leshi.

Lokaci ya cim mana. Wadda ta samo labarin unguwarsu, ta ba yaro wasiƙa ya kawo mana nan gidan rediyo, za mu karanta a filin nan in Allah ya yarda. A gaida maigida, a shafa kan yara. Sai mako mai zuwa, wassalamu alaikum.