Amsoshin Wasiƙunku: Ɓarawo Ya Fasa Gidan Makulli, Mene Ne Abin Yi?

Yau wasiƙu uku za mu haɗa, domin duk ciwo ɗaya suke kuka da shi. Biyu daga ƙaramar hukumar Batsari suke, ɗaya daga Safana.

Ta farko daga wani manomi ce a Wagini. Ya ce ranar kasuwar Batsari ya kafe mashin ɗinsa ya shiga sayen taki, da ya dawo sai ya tarar an cusa ƙarfe a gidan makulli an murɗe. Allah Ya sa ba a tafi da shi ba, amma makulli ya ƙi shiga. Wani yaro ya haɗa masa waya ya kai gida, yau mako uku ke nan a haka yake hawa. Yana tambaya ko akwai laifi in ya bar shi haka, tun da yana tashi.

To malam, barka da arziki. Amma akwai laifi, babba kuwa. Mashin ɗin da ke tashi ba makulli, ai ka ƙarasa wa ɓarawo aikin da ya fara ne. Wanda zai zo na biyu, kik kawai zai taka ya wuce. Ban da haka, wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda, girgizar hanya tana kwance ta. In ta taɓa ƙarfe sai ta ɗauki zafi, ga ta kuwa dab da tankin mai.

Gidan makullin nan da kake gani, wanda bakanike ke kira suwic, abu uku ne a cikinsa. Daga sama akwai 'yan haƙoran ƙarfe waɗanda ba sa ba da hanya sai ga makullinsu. Daga ƙasa akwai faifan roba mai 'yan tagulla, inda wayoyi ke haɗuwa. A gefe kuma akwai harshen ƙarfe mai kulle wuyan mashin. Ƙarfen ɓarawo yakan karya haƙoran, ya tsaga faifan, wani lokaci har ya lanƙwasa harshen. Saboda haka ba a yi masa faci, sauyawa ake yi gaba ɗaya.

Ga yadda za ka bi. Da farko ka ɗauki hoton ɓarnar, ka sanar da mai unguwa da 'yan sanda, don a san ana ɓarna a wurin. Sannan ka sayi cikakken saiti, wato gidan makulli da murfin tanki masu makulli ɗaya, ka tafi da tsohon kanti a gwada, don ba kowane ne ke shiga soket ɗin kowane mashin ba. Araha ba ta ado, kada ka ɗauki wanda ke rawa tun yana sabo. Kafin mai gyaran waya ya sa hannu, ya fara cire wayar batir, ta wajen alamar ragi. Duk wayar da ta narke a yanke ta a sa sabuwa, a liƙe da dalma. In fiyus ya ƙone, a sa mai lamba irin tasa. Kada ka yarda a naɗe shi da takardar sigari ko guntun waya, don shi ne ke mutuwa a madadin wayoyinka.

In an gama, kada ka biya sai ka gwada abu uku. Ka tayar da shi ka kashe da makulli, ka ga ya mutu nan take. Ka sake tayarwa ka karkata kansa dama da hagu har ƙarshe, ka ji ko wuta na yankewa. Sannan ka kulle wuya ka buɗe, ka tabbata harshen yana komawa gidansa sarai.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗan kasuwa ce a Runka, mai a-kori-kura ƙirar Peugeot 504 da yake ɗaukar hatsi. An fasa masa murfin sitiyari da dare a ƙofar gida. Yanzu makulli na juyawa, amma in mota ta tashi ba ya dawowa da kansa, kuma wani lokaci sitiyari na cijewa.

Alhaji, don Allah kada motar nan ta hau titi sai an gyara. Cijewar nan alama ce harshen da ke kulle sitiyari ya karye ko ya kwance. Zai iya faɗawa raminsa kana cikin gudu, da lodi da mutane a baya, ka nemi kwana ka rasa. Shi kuma makullin da ba ya dawowa, yana barin sitata a maƙale tana juyawa tare da inji har ta ƙone, ka ga kuɗin gyara ya ninka. A kira bakanike ya zo gida, ko a ɗauko motar a hankali. Kusoshin da ke riƙe gidan makulli a jikin sandar sitiyari yawanci marasa kai ne, da gangan aka yi su haka don kada a kwance. Da kurfi ake fitar da su cikin lallashi, ba da dukan guduma ba. Masu motocin zamani kuwa, waɗanda makullinsu ke da ƙwaƙwalwa a ciki, su sani sabon makulli ba zai tayar da mota ba sai an haɗa shi da ita ta kwamfuta.

Ta uku daga wani matashi ce ɗan acaɓa a Ruma. Ya ce an ba shi shawarar ya sa na'urar bin sawu, yana tambaya ko ta wadatar.

Ɗana, tana da amfani, amma da layin waya take aiki. Ka tuna a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana. In babu sabis, ba ta da bakin da za ta gaya maka inda mashin yake. Kuma ita bayan sata take aiki, mu kuwa so muke kada a ɗauka tun farko.

Abin da ɓarawon sane ke tsoro shi ne ɓata lokaci. Duk abin da zai tsayar da shi minti biyar a gaban jama'a, ya kore shi. To ku tara masa shinge. A yawancin ƙananan mashina, makulli ba ya ba da wuta, kashe ta yake yi ta hanyar haɗa waya ɗaya da jikin ƙarfe. A irin na Honda baƙa ce mai ratsin fari. Shi ya sa ɓarawo ke zare soket kawai ya taka kik. Maganinsa a sa ɓoyayyen makunni a kan wayar nan can ciki, inda kai da mai gyaranka kaɗai kuka sani. Ku rufe makullin mai duk lokacin da kuka sauka. Ku sa sarƙa mai kauri da kwaɗo, a ratsa ta taya a ɗaure da turke ko bishiya, don mashin ɗin da ba a ɗaure da komai ba mutum biyu sun isa su jefa shi a mota. Ran kasuwa ku kai wa masu ajiya ku karɓi shaida. Mai mota ya sa ƙarfen kulle sitiyari, da dare ya cire kan batir.

Sai dai ku bambanta ɓarawon sane da mai bindiga. Mu da ke gefen dajin Rugu mun san wannan. In an tare ka da makami, sauka ka miƙa, kada ka yi gardama. Ana sake sayen mashin, ba a sake sayen rai. In kuwa an kama ɓarawo, a miƙa shi ga 'yan sanda ko jami'an tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2023. Kada a ɗauki doka a hannu.

Na ƙarshe, yau ɗin nan kowa ya duba lambar inji da lambar shasi ya rubuta a takarda, ya adana tare da rasit a gida, ba a ƙarƙashin kujerar mashin ba. Kuma mu ji tsoron Allah wajen saye. Da ba mai saye, da ba mai sata. Ba banza ba a 2021 gwamnati ta hana cinikin tsofaffin mashina a kasuwar Charanchi. In an kawo maka mashin da rabin kuɗi, ba rasit, an goge lamba, gidan makulli sabo fil, ka san hawayen wani ne. Abokin ɓarawo ɓarawo ne, haka ma doka ta ɗauke shi.

Jama'a, a nan za mu dasa aya. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.