A Bar Shakespeare Ya Yi Magana da Bakinsa

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan tafi kai tsaye.

Kowa a zauren nan ya san yadda ake koyar da adabin Ingilishi a sakandarenmu yanzu. Hukumar WAEC takan sa wasa ɗaya na Shakespeare a manhaja, Othello jiya, wani yau, amma abin da ke hannun ɗalibi ɗan ƙaramin littafin taƙaitawa ne da aka sayo a bakin kasuwa. A jami'a ma wasu abokan aikinmu sun fara neman a ajiye Chaucer, a koma ga bugun da aka juya zuwa Turancin zamani. Shekara da shekaru ina jayayya da su a kan wannan, kuma ban sauya ba.

Hujjarsu ita ce yaranmu ko Turancin jarida bai zauna musu ba, balle na Shakespeare da ya rasu a 1616. Na ji. Amma mu ne fa jikokin masu karatun zaure. A Kano da Zariya da Sakkwato ana karanta Maƙamatul Hariri da waƙoƙin Jahiliyya, Larabcin da Balaraben yau ma sai ya buɗe ƙamus. Malamin zaure bai taɓa sauƙaƙa matani ba. Almajiri ya ja baƙi, malam ya fassara kalma bayan kalma, gobe a ɗora. Wanda ya gaji wannan tarbiyya bai kamata ya ji tsoron Turancin shekara ɗari huɗu ba.

Ga abin da na fi so ku riƙe. A zamanin Shakespeare Turanci yana da kalmomi biyu na kiran wanda ake magana da shi: thou da you. Ta farko ga yaro, ko bara, ko masoyi, ko wanda ake son a wulaƙanta. Ta biyu, wadda asalinta jam'i ce, ga manya da waɗanda ake ganin girmansu. Turancin yau ya zubar da ta farko. Saboda haka ɗalibi a Landan sai an yi masa dogon bayani kafin ya gane. Ɗan Bahaushe kuwa da shi ya tashi. Ya san ba a ce wa mahaifi "kai" a gidan da ake da tarbiyya, "ku" ake cewa. Ya san idan aka tambayi matar aure maigidanta takan ce "sun fita".

Ku duba fitowa ta farko a King Lear. Sarki yana magana da autarsa Cordelia da you, yana lallashinta ta faɗi irin son da take yi masa. Da ta ƙi yi masa daɗin baki, sai harshensa ya juya zuwa thou, daga nan ya tsine mata. Tun kafin tsinuwar, wakilin suna ya riga ya sanar da mai sauraro cewa an yanke zumunci. A Twelfth Night, wanda marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar Hausa da sunan Daren Sha Biyu, Sir Toby yana zuga Sir Andrew ya rubuta takardar neman faɗa, ya ba shi shawara ya kira abokin gabarsa da thou kamar sau uku don ya harzuƙa shi. Kuma ba a dandali kaɗai ake haka ba. A shari'ar Sir Walter Raleigh a 1603, babban lauyan gwamnati Edward Coke ya jefe shi da wannan kalma da gangan, don ya ci mutuncinsa a bainar jama'a. To, bugun zamani ya mayar da duka you. Mun ɗauki wuri guda da ɗanmu ya fi ɗan Bature kunne, mun share shi da hannunmu, wai muna taimakonsa. Wannan yana yi mini ciwo.

Masu cewa labarin ne muhimmi, ba lafazin ba, amsarsu gajeriya ce. Yawancin labaran nan Shakespeare aro su ya yi, daga Plutarch da Holinshed da marubutan Italiya. Abin da yake nasa shi ne harshen. Fassara kuwa ba na ƙin ta. Nyerere ya mayar da Julius Caesar Swahili yana kan mulki, kuma ya kyauta. A ajiye ta a gefen matani, kada ta hau kujerarsa.

Abin da nake nema bai da tsada. Wasa ɗaya a shekara, amma cikakke, a bugun da ke da sharhin kalmomi a ƙasan shafi. A karanta shi da murya a aji, a raba wa ɗalibai rawa, domin don kunne aka rubuta shi. A bar malami ya yi sharhi da Hausa ba tare da mai duba makarantu ya tsawata masa ba. Sassan Hausa da na Ingilishi a jami'o'inmu su zauna tare su fitar da sababbin fassarori masu kiyaye "kai" da "ku". Masu tsara jarrabawa kuma su riƙa ɗauko nassi suna tambaya a kan lafazinsa, yadda mai haddar taƙaitawa ba zai tsallake ba.

Malamai 'yan'uwana, zangon karatu mai zuwa ku shiga aji da littafin kansa.