Lissafin kashi: inda sumuni da sudusi suke gamuwa



Zancen yau shi ne rabo. Kowa ya san mutane sun yi yawa a kudancin jihar Maraɗi, gonaki kuwa ba su ƙaruwa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki da yawa ke jiran ta. Saboda haka taki guda na gona ba abin wasa ba ne. Sau da yawa rigimar gado ba mugunta ke kawo ta ba, rashin sanin lissafi ne.

A suratun Nisa'i an ambaci kashi shida: rabi (1/2), rubu'i (1/4), sumuni (1/8), sulusi biyu (2/3), sulusi (1/3) da sudusi (1/6). Lambar ƙasa tana nuna gida nawa aka raba abu. Lambar bisa tana nuna gida nawa aka ɗauka.

Ga misali. Wani manomi ya rasu. Ya bar mata guda, da uwarsa, da ɗiya maza biyu, da ɗiya mace guda. An biya bashi, an cika wasiyya. Saura dami 120 na hatsi cikin rumbu. Matar tana da sumuni, uwar tana da sudusi, sauran na ɗiya ne.

Wani zai ce 8 ya fi 6, don haka matar ta fi uwar samu. Ba haka ba ne. Tuwon da aka raba wa mutum 8, lomarsa ba ta kai ta wanda aka raba wa mutum 6 ba.

Wani kuma zai haɗa 1 da 1, ya haɗa 8 da 6, ya ce 2/14. Wannan ma kuskure ne. Ba a haɗa tiya da buhu a ce biyu. Sai an mai da su awo guda tukuna.

To, yaya ake samun awo guda? Sai a ƙidaya takwas-takwas: 8, 16, 24. A ƙidaya shida-shida: 6, 12, 18, 24. Lamba ta farko da suka gamu a kanta ita ce 24. Ita ce gidan da ya ɗauke su duka biyu. Malaman gado suna kiran ta asalin mas'ala.

Yanzu a ajiye tsakuwa 24 a ƙasa. A raba su gida 8, kowane gida 3. Ke nan 1/8 daidai yake da 3/24. A sake tara su, a raba gida 6, kowane gida 4. Ke nan 1/6 daidai yake da 4/24. Ga shi a fili, uwa ta fi mata da tsakuwa guda. Su biyu sun ɗauki 7, saura 17.

A koma ga rumbu. Dami 120 a raba 24, kowace tsakuwa dami 5 ce. Mata dami 15. Uwa dami 20. Saura dami 85. Namiji yana da rabon mace biyu, don haka maza biyu da mace guda kashi 5 ne. 85 a raba 5, ya ba da 17. Kowane namiji dami 34, ɗiya mace dami 17. A tara: 15, 20, 34, 34 da 17. Sun cika 120, babu ragi, babu ƙari.

A lura da wani tarko. In aka fid da na mata, sannan aka ɗauki sudusi daga 105 da suka rage, uwa za ta samu dami 17 da rabi. An ci mata dami 2 da rabi ke nan. Kowane kashi daga dukiyar gaba ɗaya ake fid da shi.

Haka ake yi da gona, in faɗinta daidai ne gaba da baya: a auna tsawonta da igiya, a raba 24. Faɗin wanda ke da gado da abin da ya cancanta aikin malami ne da alƙali. Amma wanda ya iya lissafi yana bin rabon da idonsa. In an gama, a je wurin hukumar filaye, wadda ake kira kofo, da dokar karkara ta 1993 ta kafa, a yi takarda.

Ga aikin gida. Wata mace ta rasu ta bar miji, da uwa, da ɗiya. Miji yana da rubu'i, uwa tana da sudusi. A wace lamba 4 da 6 suke gamuwa? Kowa ya gwada da tsakuwa, ya rubuta amsa a allo, ya kai wa malamin yaƙi da jahilci.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya bar zumunci.