Kwana Takwas A Kan Keke, Daga Katako Zuwa Gida

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiyarmu ya yi a taron ƙarshen wata, nan Katako. Magatakarda ya rubuta shi domin ƴan'uwa na gida da waɗanda ba su samu zuwa ba.)

 

Yau za a yanke maganar ɗakin baƙi, wato ko ƙungiya za ta kama haya domin ƴan garinmu masu sauka Yamai ba su san kowa ba. Na ji waɗansu suna cewa ɓarnar kuɗi ce. Shugaba ya ba ni dama in ce wani abu, ni kuwa abin da na gani da idona zan faɗa.

Manya sun san yunwar 1984, wadda aka laƙaba wa suna El Buhari domin ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. A watan Janairu na 1986 iyakar ba ta buɗe ba tukuna, aljihun kowa kuma bai farfaɗo ba. Na haɗa wa ƙanena keke a nan kasuwa, ƙafa daga wannan rumfa, sirdi daga waccan, domin ya riƙa kai albasa Galmi. Kuɗin mota nawa da na keke ya fi ƙarfina. Sai na ce keken da kansa zai kai ni. Tafiyar ta haura kilomita 450.

Guzurina garin rogo ne da ƙuli-ƙuli da sukari, sai jarkar ruwa, bargo, famfo, sholisho da tsohuwar roba ta faci.

Ranar farko daɗi kawai. Na bar Katako bayan sallar asuba, jiki da ƙarfi, har ina ɗaga wa masu jaki hannu. Amma da hantsi ya yi, iskar hunturu ta taso. Ku samari ku riƙe wannan: hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, mai tafiya gabas kuwa da ƙirji yake tarye shi. Kana taka feda, keke yana tafiyar hawainiya. Da la'asar na isa Kure, kilomita kamar 60. Wani tsoho Bazabarme ya gan ni zaune bakin masallaci. Zabarmancina na ciniki ne, Hausarsa ta gaisuwa ce, amma tuwo bai buƙaci tafinta ba. A zaurensa na kwana.

Rana ta biyu na gangara Dallol Boso a Birnin Gaure, keke yana gudu da kansa, ina jin kamar sarki bisa doki. Gangara kuwa bashi ce, sai ka biya. A hawan da ke gaba sauka na yi ina turawa, gumi cikin sanyi. Wata Bafillatana mai tallar nono ta dama mini fura, na miƙa kuɗi ta kawar da kai. Na shiga Doso da magariba, kilomita kusan 140 daga Yamai, cinyoyina kamar ba nawa ba.

Rana ta uku ita ce mafi muni. Sirdi ya ci mini jiki har zama ya gagara, na naɗa rawani a kansa. Manyan motoci in sun wuce, iskarsu takan hankaɗa ni gefen kwalta inda ƙaya take. Sau uku na yi faci kafin azahar. A daji babu kwanon ruwa na neman huji, sai ka shafa yawu, ka kasa kunne. Ruwana ya ƙare. Jama'a, ba gajiya ce ta fi damuna ba, kaɗaici ne. Ba mai ce maka sannu, ba wanda za ka ce wa wash. Na zauna gindin wata adduwa ina lissafin komawa, sai na ga baya da gaba duk nisa ne. Wani yaro makiyayi ya raba ruwan gorarsa da ni, ya nuna mini ƙauyensu. Mai gari bai tambayi sunana ba sai da na ci na ƙoshi.

Daga ranar na sake tsari. In tashi kafin alfijir tun iska tana barci, in yi tafiya har hantsi ya dubi ludayi, in kwanta a inuwa, in ƙara kaɗan da yamma. Sannu ba ta hana zuwa.

Rana ta huɗu na wuce Kore Mairuwa, can na hango duwatsun Dogon Dutsi. Da na ji mata a bakin rijiya suna hira da Hausa, wallahi sai da hawaye ya zo mini. Na yi kwana biyu a Dutsi domin sarƙa ta tsinke a bakin gari. Mai gyaran keke ya ɗinke ta da guntuwar wata, ya karɓi kuɗin guntuwar kaɗai, ya ce aikin hannu sadaka ne ga matafiyi. A rumfarsa na kwana, tsakanin tsofaffin tayoyi.

Tsakanin Dutsi da Ƙonni kilomita kamar 145 ne, na raba su biyu. Jiki ya saba, iska ta ɗan lafa, har na kama kaina ina waƙa. A shingayen bincike na zamanin Kunce ana duba takardar shaida, sai jami'an su yi ta mamaki, wani har ya cika mini jarka. Ƙonni na same ta shiru, domin hanyar Illela a rufe take. Wani ɗan garinmu mai shayi a tasha ya gane ni, ya ba ni tabarmarsa shi ya kwana kan benci.

Rana ta takwas na wuce Tsarnawa, inda hanyar Tawa take rabuwa, na bar kamfanin siminti na Malbaza, sai ga koren albasa na Galmi. Kafin la'asar ina ƙofar gidanmu, fari fat da ƙura, yara suna tsere a bayana.

To, ga lissafin da nake so ku yi. Dare bakwai na yi a hanya, ban biya kuɗin kwana ko dala ɗaya ba. Garin rogona ya ƙare tun Dutsi. Waɗanda suka ciyar da ni ba su daɗe da fita yunwa ba, rumbunansu ba su cika ba, mafi yawansu ba danginmu ba ne, waɗansu ma harshe bai haɗa mu ba. Ƙafata ta taka feda, amma mutane ne suka kai ni gida.

Ban ce wani ya hau keke ya kwaikwaye ni ba. Hanyar yau ba ta jiya ba ce, sha'anin tsaro ya canza, mai tafiya shi kaɗai sai ya yi tambaya sosai. Abin da nake cewa shi ne, yaron da ya sauka tasha da dare da ƙunshin kayansa, Yamai a wurinsa daji ce, ko da fitilu. In bai samu zaure ba, zai samu masu jiransa a bayan rumfuna, kun kuwa san irinsu. Ɗan wani ne a cikinmu, gobe ana iya cewa jikanka ne.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na ɗaya, kowane ɗan ƙungiya ya ƙara dala 50 a kan kuɗin wata. Na biyu, a kama ɗaki kusa da kasuwa, mabuɗi a hannun dattijo guda, baƙo ya yi mako biyu kafin ya samu madafa. Na uku, magatakarda ya tsara gidajen da za su riƙa fitar da tuwon dare bi da bi, a fara da gidana.

Baƙonka annabinka, haka muka gada. Shugaba, na mayar da magana hannunka. Allah ya kai kowane matafiyi gida lafiya, ya jiƙan magabatanmu.