Kalmar “College” da Ma'anoninta



Kalmar da na zaɓa mu yi bahasi a kanta yau ita ce college, wadda bakin Bahaushe ya lanƙwasa ta koma kwaleji, kuma ina ganin duk ƙasar Hausa babu garin da ya fi Katsina cancantar a yi wannan bahasi a cikinsa, domin a nan ne, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya zo ya buɗe ta a 1922, daga nan kuwa sunan ya bi ɗalibanta zuwa Sakkwato da Bauchi da Barno, har ya zauna daram a cikin harshenmu.

Malaman lugga suna kiran lafazi ɗaya mai ma'anoni da yawa mushtaraki, lafuzza da yawa masu ma'ana ɗaya kuma mutaradifai. Kalmarmu ta taɓa babin biyu duka. Asalinta daga Latin ne, harshen Rumawa na dā, inda ake nufin ƙungiyar mutanen da sana'a ɗaya ko aiki ɗaya ya haɗa su a ƙarƙashin ƙa'ida ɗaya, ba tare da an ambaci allo ko aji ko gini ba; daga wannan saiwa ce kuma Turanci ya samo colleague, wato abokin aiki. Wannan tsohuwar ma'ana tana nan da ranta. Manyan limaman cocin Katolika da ke zaɓen Fafaroma a Rum, sunan taronsu ke nan. Ƙungiyar likitocin Landan da aka kafa a 1518 da shi take amsawa. Wakilai 538 da ke zaɓen shugaban Amurka, waɗanda sai ɗan takara ya sami 270 daga cikinsu, su ma haka ake kiransu, alhali ba su da malami ba su da ɗalibi. Iyayenmu ma sun ɗanɗani wannan a zaɓen 1951, lokacin da ƙauye ke fitar da wakili, wakilai su fitar da na gunduma, a yi ta hawa mataki-mataki har a kai Majalisar Kaduna.

Ma'anar makaranta daga baya ta zo, kuma hanyar zuwanta ita ce abin lura. A Okusfod da Kambirij an riƙa kafa gidaje na waƙafi inda malamai da almajirai ke kwana wuri ɗaya, su ci abinci tare, su yi ibada tare, su zaɓi shugabansu da kansu. To mutanen ne aka fara kira da sunan, sa'an nan sannu a hankali ya zame ya faɗa kan katangar da ta kewaye su, kamar yadda mu ma muke cewa gida muna nufin iyali da gini gaba ɗaya. Daga nan sunan ya rarrabu: Iton, wadda aka kafa a 1440, makarantar yara ce ta sakandare, amma kwaleji ce, Ba'amurke idan ya ce ɗansa ya tafi kwaleji, jami'a yake nufi, ta Ibadan kuwa daga 1948 har 1962 kwaleji ce a ƙarƙashin Jami'ar Landan, tana koyarwa amma digirin na Landan ne.

Mutaradifanta, wato school da academy da institute da university, ba zan daɗe a kansu ba. Ta farko gama-gari ce. Ta biyu ta samo suna daga wurin da Aflatun yake karantarwa a Atina. Ta uku ta fi karkata ga sana'a da bincike. Ta huɗu ita ke da ikon ba da digiri. Larabawa sun raba nasu da kyau, suka ce kulliya ga ɓangare, jami'a ga uwa.

Kwalejin Katsina, a ganina, ta ci sunanta ta tsohuwar ma'ana kafin ta sabuwa. Ɗalibanta kaɗan ne, daga larduna dabam-dabam aka tsamo su, suka zauna shekara biyar a ɗakunan ƙasa suna karatu tare, suna wasa tare, kowa ya san halin ɗan'uwansa. Saboda haka da aka ɗauke makarantar zuwa Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, inda ta zama Barewa, ginin nan daga baya ya koma gidan tarihi, amma zumuncin da ya haɗa Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam da Isa Kaita ya ci gaba da aiki har ya riƙe mulkin Arewa. Ba kuma baƙon abu ba ne a wannan birni, domin tun zamanin Ɗan Masani da Ɗan Marina, Allah ya jiƙansu, zauren malami da almajiransa, masu littafi ɗaya da ladabi ɗaya da silsilar ijaza ɗaya, ya cika sharuɗɗan kalmar tun ba a ji ta ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka ari ɓawon muka bar ƙwayar. Yau mutum zai kama hayar ɗaki huɗu, ya kafa allo a bakin titi ya rubuta kwaleji, malamansa kuwa ba su san juna ba, wannan ya shigo da hantsi ya fita, wancan ya zo da azahar, babu zaman shawara, babu ƙa'idar da ta ɗaure su. Iyaye kuma, da yake sunan ya gāji kwarjini daga waccan ta 1921, sai su biya kuɗi suna zaton sun sayi abin da sunan ya alkawarta.

Ga masu fassara a gidajen rediyo da jaridu ina da roƙo taƙamaimai. Idan labarin zaɓen Amurka ya zo, a daina cewa kwalejin zaɓe, domin mai sauraro a Ƙofar Soro zai zaci makaranta ce ake koyar da jefa ƙuri'a. A ce majalisar wakilan zaɓe. Na Rum a ce majalisar manyan limamai, na likitoci a ce ƙungiya, ɓangaren jami'a a ce kulliya ko tsangaya, a bar kwaleji ga irin ta horon malamai ta Tarayya da ke nan Katsina da ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma.